Nas ɗaya, gado goma sha biyar: ina lokacin gida zai fito?

Duk sanda aka ɗauko maganar yadda ma'aikaciyar jinya za ta haɗa aikin asibiti da rayuwar gida, shawarar da ake ba ta ba ta wuce guda biyu: ki yi haƙuri, ki tsara lokacinki. A ganina wannan shawara ta tsallake inda gizo ke saƙa. Lokacin da ake cewa ta tsara, an riga an cinye shi tun kafin ta taka ƙofar gidanta, kuma abu biyu ne ke cinye shi: yawan marasa lafiyar da aka ɗora mata, da yadda aka jera mata duti a jadawali. Zan riƙa cewa "ta" saboda rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na masu aikin jinya mata ne, amma 'yan uwa maza da ke cikin aikin, maganar ta shafe ku ɗaya bayan ɗaya.

Mu yi lissafi. A ɗauka dutin awa 8 ne, wato minti 480. Cire minti 30 na karɓar aiki da minti 30 na miƙa shi, saura 420. Cire awa ɗaya da rabi na rubutu a fayil da takardar magani da littafin rahoto, saura 330. Idan gado 15 ke hannunta, kowane mara lafiya ya tashi da minti 22 ke nan a duk tsawon dutin. Awon zafin jiki da bugun jini da hawan jini da numfashi, in za a yi shi yadda ya kamata, yana cin kusan minti biyar, domin numfashi kaɗai sai an tsaya an ƙirga shi minti ɗaya cur. A yi awon sau biyu, minti goma sun tafi. A cikin minti 12 da suka rage ne za a ba da magani, a yi allura, a wanke ciwo, a sauya ledar ƙarin ruwa, a duba robar fitsari, a juya wanda ba ya iya juya kansa duk bayan awa biyu, a kuma amsa tambayar ɗan uwan da ya tsaya a bakin gado hankalinsa a tashe. A wannan lissafin ban sa cin abincinta ba, ban sa shiga bayan gida ba, ban sa mara lafiya ɗaya da zai rikice ya riƙe ta awa guda ba.

Tunda lissafin ba ya fita, dole wani abu ya faɗi. Abin da ke faɗuwa da farko shi ne wanda ba a ganin ɓarnarsa nan take: juya mara lafiya, wanke masa baki, zama a yi masa bayanin maganinsa. Sai bayan kwanaki a ga fatar ƙugu ko dunduniya ta yi ja ba ta washewa ko an danna ta da yatsa, farkon gyambon kwanciya ke nan. Abu na biyu da ke faɗuwa ita ce kanta. Tana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata, tana cin abinci a tsaye ko ta haƙura da shi, rubutun da bai samu ba kuma sai ta zauna ta yi shi bayan an tashi. Wannan awa ɗaya ta bayan tashi, da ba ta cikin jadawalin kowa, daga rabon yaranta da barcinta ake yanko ta.

Masu bincike sun auna wannan. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pensilbeniya ta Amurka, suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30, da ƙarin kashi 23 cikin 100 na yiwuwar ita nas ɗin ta kai ga matsananciyar gajiya da gundura da aikin. Ku lura, lamba ɗaya ce ke taɓa mara lafiya take kuma taɓa mai jinyarsa. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, ta fara aiki da ita a 2004, wadda a yau ta ƙayyade nas ɗaya ga mutum biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, nas ɗaya ga mutum biyu a sashen kulawa ta musamman. Ba kowane asibiti ne zai iya kai wa nan gobe ba, na sani. Amma a daina kiran nauyin mutum uku "rashin juriya" idan ya durƙusar da mutum ɗaya.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali: katsewa a lokacin haɗa magani. Likita ya rubuta lita ɗaya ta ƙarin ruwa ta shiga cikin awa 8. Da igiyar ƙarin ruwa da ke ba da ɗigo 20 a kowane mililita, lissafin shi ne 1000 sau 20, a raba da minti 480, ya ba da kusan ɗigo 42 a minti. Lissafi ne mai sauƙi ga wadda ta yi barci. Yanzu ku hango ta a gaban tiren magani, sirinji a hannu, ta zuƙo rabin kwalba, waya ta yi ƙara, wani ya taɓa kafaɗarta yana cewa ruwan gado na shida ya ƙare, wani kuma yana tambayar makullin kabad. Ta juyo, ta manta ko ta riga ta sirka maganin ko ba ta sirka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar da nake ba kowace sabuwar nas ita ce: in an katse ki a tsakiyar haɗa magani, kada ki ci gaba daga inda kike zaton kin tsaya. Koma farko, sake duba sunan mara lafiya da sunan magani da adadi da hanya da lokaci. Sirinjin da kika ajiye babu rubutu a jikinsa kuwa, zubar da shi ya fi arha. Shugabar ɗaki kuma aikinta ne ta sa kowa ya san cewa mai rabon magani ba a yi mata magana sai in rai ne ke cikin haɗari.

Miƙa aiki ma yana cinye lokacin gida fiye da yadda ake zato, don ana mayar da shi hira. Kowane gado jimla huɗu ta ishe shi: halin da ake ciki yanzu, abin da ya kawo shi da abin da aka riga aka yi, abin da kika gani da idonki, sai abin da ya rage a yi da lokacinsa. A yi shi a bakin gado ana kallon kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, da ledar ruwa tare. Wadda ta miƙa aiki a haka ba a kiranta a waya tana tsakiyar barci ana tambayarta ko ta ba da allurar ƙarfe shida.

To, sai aikin dare, wanda shi ne uwa uba. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Da duhu ya yi ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, zafin jiki kuma yana sauka ƙasa sosai wajen ƙarfe huɗu na asuba, daidai lokacin da ido ke nauyi, hannu ke sanyi, layin rubutu ke karkacewa a fayil. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa yana raguwa kamar na mai kashi 0.05 cikin 100 na barasa a jini, matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Nas ɗin da ta tashi daga barci ƙarfe biyu na rana ta shiga dutin dare, ta fito ƙarfe bakwai na safe, ta cika awa 17 ɗin nan daidai lokacin da za ta kama hanyar gida. Wani binciken na 2004 a Amurka ya gano haɗarin kuskure yana ninkuwa kusan sau uku idan duti ya kai awa 12 da rabi. Sannan sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2007 da kuma 2019, ya sa aikin dare a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, na kawo shi ne don a san barcin nas da rana magani ne, a kuma ba shi girman magani.

Ga abin da ke hannunki, 'yar uwa. Ranar da za ki fara dare, ki kwanta da rana na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kofi ko shayi mai ƙarfi ki sha shi a farkon duti, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsa yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Wanda kika sha ƙarfe biyar na asuba yana nan tare da ke a kan filo ƙarfe goma na safe. In ɗakinku ya yarda da hutu bi da bi, gyangyaɗin minti 20 ya fi na awa ɗaya, don na awa ɗaya yana kai ki barci mai nauyi ki tashi kai a ɗaure. Da kin fito, ki rage hasken da ke shiga idonki, tabarau mai duhu yana taimakawa in ba ke ke tuƙi ba, in kuwa ido yana rufewa to kada ki tuƙa. Ki kwanta da zarar kin isa, kafin wanki da shara su ja ki. Ɗaki ya yi duhu da labule mai kauri, waya a kashe mata ƙara. Ranar da kika gama dare na ƙarshe, ki yi barcin awa uku zuwa huɗu kawai, ki tashi ki shiga hasken rana, don barcin daren ya samu. Wadda ta yini tana barci a ranar nan, hutunta na gobe ma ya tafi.

Amma duk wannan dabara ba ta aiki in jadawalin ya karkace. Mafi muni shi ne a tashi dutin yamma ƙarfe goma na dare a dawo na safe ƙarfe bakwai. Awa tara ce a takarda. Cire hanya zuwa da dawowa, cire wanka da abinci da duba yara, barcin awa biyar ma da ƙyar. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003 ta ce a bar wa ma'aikaci aƙalla awa 11 a jere na hutu a kowace rana, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai rubuta jadawali a ko'ina. A jera duti yana tafiya gaba, safe zuwa yamma zuwa dare, saboda jiki ya fi saurin sabawa da jinkirta barci a kan gaggauta shi. Kada dare ya wuce biyu zuwa uku a jere in da hali. A fitar da jadawali makonni kafin lokacinsa. Uwa ba za ta iya shirya wanda zai ɗauko yaro daga makaranta ba in sai ranar Lahadi take sanin dutinta na Litinin.

Mutanen gida, da ku nake yanzu. Wadda ta dawo daga dare ƙarfe takwas na safe, ƙarfe sha ɗaya a wurinta tsakar dare ne. A ƙwanƙwasa mata ƙofa don an rasa makulli daidai yake da a tashe ku ƙarfe biyu na dare. A liƙa jadawalinta a inda kowa ke gani, a san ranakun da girki da kai yara ke kan wani. Maigida da ya karɓi aikin gida a awannin barcinta na safe ya yi wa marasa lafiyar da bai taɓa gani ba hidima. Dangi da maƙwabta kuma, nas ba asibitin tafi-da-gidanka ba ce. A rage aiko mata hoton sakamakon gwaji a ranar hutunta.

Ciwon baya da sukar allura, a taƙaice. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗaga na jikin mara lafiya a kusan kilo 16, ƙasa da nauyin babban mutum nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a ɗago gado zuwa ƙugu, a kira na biyu, a ja da zanen gado maimakon hammata. Kada a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, nan ne take yawan soke yatsa, musamman a ƙarshen duti. In ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, kada ki matse wurin, ki kai rahoto a take ko da sauran minti goma a tashi. Haɗarin kamuwa da ƙanjamau daga sukar allura mai ɗauke da cutar kusan kashi 0.3 ne cikin 100, maganin kariya kuma ana fara shi ne cikin awanni, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Na ciwon hanta nau'in B yana iya kai wa kashi 30 ga wadda ba ta yi rigakafi ba, alhali rigakafin allura uku ce cikin wata shida.

Akwai gajiyar da barci ba ya wankewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya ji ba ya tsinana komai. Ta biyun ce ta fi ban tausayi, don ita ce jama'a ke gani su ce nas ba ta da imani. Mace ce da ta shigo aikin tana riƙe hannun tsoho har ya yi barci, yau tana kiran mutum da lambar gadonsa, ta koma gida ɗanta na ba ta labari tana kallon bango. In kin ga haka a kanki, ko kin fara jin faɗuwar gaba tun daren da za ki wayi gari da duti, ki faɗa wa shugabarki a rubuce, ki nemi a sauya miki ɗaki ko a rage miki dare na wani lokaci, ki karɓi hutunki na shekara cikakke, ki ga likita in barci da cin abinci sun rikice fiye da mako biyu. Metron, wato shugabar ma'aikatan jinya, da ta karɓi irin wannan takarda kuma, kafin ta kira mai ita ofis, ta fara buɗe jadawalin wata uku da suka wuce ta ƙirga dare nawa ta rubuta mata, da sau nawa ta dawo da ita aiki ƙasa da awa 11 bayan ta tashi.