Kwana 44 a Elland Road: Bakin Brian Clough a Kunnen Bahaushe

Duk wanda ya zauna a birnin Nottingham na Ingila ko da na wata guda ne, sai ya san sunan Brian Clough, shahararren kocin ƙwallon ƙafa, ko yana son ƙwallon ƙafa ko ba ya so. Mutum-mutuminsa na tagulla yana tsaye kusa da babban dandalin tsakiyar gari, ya haɗa hannuwa biyu a saman kai kamar mai gaida jama'a bayan an tashi wasa, kuma babbar hanyar da ta haɗa Nottingham da Derby ma sunansa aka raɗa mata. Na yi shekaru ina wuce wannan mutum-mutumi ban damu da sanin tarihinsa ba, sai da wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi samartakarsa lokacin da mutumin yake tashe, ya zaunar da ni a falonsa wani dare na hunturu ya kunna mini fim ɗin The Damned United.

Fim ɗin ya fito a 2009, Tom Hooper ne ya ba da umarni, Michael Sheen ya fito a matsayin Clough, kuma an ciro labarin daga wani littafin ƙirƙira da David Peace ya wallafa a 2006. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ɓangaren rayuwar da suka zaɓa. Mutumin da ya ɗauki Nottingham Forest daga rukuni na biyu ya ci gasar Ingila da ita a 1978, ya kuma ci kofin Turai sau biyu a jere a 1979 da 1980, sai aka tsallake duk wannan aka tsaya a kan kwana 44 da ya yi yana kocin Leeds United, mai filin wasa na Elland Road, a 1974, inda aka sallame shi cikin kunya. Leeds a lokacin ita ce zakarar Ingila. Don Revie, wanda ya shafe shekara 13 yana gina ta, ya tafi riƙe tawagar ƙasa, sai shugabannin ƙungiyar suka ɗauko mutumin da ya daɗe yana caccakar Revie da yaransa a jaridu da talabijin, yana kiransu masu keta da maguɗi, suka damƙa masa gidan.

Wurin da ni da maƙwabcina muka raba gari shi ne fitowar da Clough ya tara 'yan wasan a filin atisaye, ya ce musu su kwashe duk lambobin yabo da kofunan da suka ci su zuba a kwandon shara, domin babu wanda suka samu ta hanyar gaskiya. Dattijon ya tuntsure da dariya har yana buga gwiwa, ya ce mini wannan shi ne namiji, abin da ke cikinsa shi yake faɗa. Ni kuwa jikina ne ya yi sanyi. Waɗanda ake gaya wa wannan magana ba yara ba ne. Akwai Billy Bremner, kyaftin ɗin ƙungiyar kuma kyaftin ɗin Scotland, akwai Johnny Giles wanda shi Revie ya so ya gaje shi, akwai Norman Hunter, magidanta da suka kakkarya jikinsu a kan waɗannan lambobi. A inda na tashi, ko sabon limami aka naɗa a unguwa, ko sabon hedimasta aka turo makaranta, yakan fara da zagayen gaisuwa, ya yaba wa wanda ya gada ko da a ransa yana ganin aikin bai yi kyau ba, sannan a hankali ya gyara abin da zai gyara. Wanda ya shigo gida ba sallama ya fara da zagin mai gidan da ya tashi, to ya riga ya rubuta takardar sallamarsa da hannunsa, sauran kawai a sa mata kwanan wata.

Ba na cewa Clough ƙarya ya yi. Leeds ta wancan zamani ta yi suna wajen wasan ƙarfi, kuma wasan farko da ya jagorance ta a Wembley, a watan Agusta na 1974, ya tabbatar da hakan, domin a nan ne Bremner da Kevin Keegan na Liverpool suka ba hammata iska, aka kore su duka, kowa ya tuɓe rigarsa ya yar. Amma tsakanin faɗin gaskiya da tozarta mutum a gaban abokan aikinsa akwai tazara, kuma ina ganin Bature mai kallo yakan haɗa su wuri guda ya kira su jarunta. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A wasanni shida na farkon gasar, ɗaya kacal Leeds ta ci, kuma ranar 12 ga Satumba aka sallame shi.

Duk da haka, akwai fitowar da ta sa na tausaya masa fiye da yadda maƙwabcina ya yi, kuma ina jin kowane Bahaushe zai gane ta nan take. Fim ɗin ya koma baya zuwa 1968, lokacin da Clough yake matashin koci a Derby County, Leeds za ta zo musu wasan kofin FA. An nuna shi yana ta share-share da goge-goge, yana jera lemo da farantan tokar sigari a ɗakin sauya kayan baƙi, yana ɗokin ganin Revie wanda garinsu ɗaya, Middlesbrough. Da baƙon ya iso, sai ya wuce shi ko hannu bai miƙa masa ba. Mu da muke cewa baƙonka annabinka mun san zafin a yi wa mutum shimfiɗa ya tsallake ta. Masu fim ɗin sun ɗora dukan gabar a kan wannan raini, wanda a ganina sauƙaƙa labari ne, amma a matsayin wasan kwaikwayo ya zauna daidai.

A daren da aka kori Clough daga Leeds, gidan talabijin na Yorkshire ya zaunar da shi da Revie a kujeru biyu kusa da juna, kuma wannan ya faru da gaske, hirar tana nan a intanet. Clough ya ce burinsa shi ne ya ci gasar fiye da yadda Revie ya ci ta. Revie ya tuna masa cewa wasa huɗu kawai suka sha kashi a kakar da ta wuce, shi kuma ya mayar masa da cewa ai ana iya shan kashi uku. Sai dai tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda Revie ya yi masa, cewa me ya hana shi tara kowa da kowa a ranar farko, 'yan wasa da ma'aikata, ya gabatar musu da kansa. Tambayar dattawan garinmu ke nan, ta fito daga bakin Bature.

Sannan ga batun Peter Taylor, mataimakin Clough mai idon gane ɗan wasa, wanda ya ƙi bin sa Leeds ya zauna a ƙungiyar Brighton, inda suke aiki tare kafin nan. A Derby, inda suka ci gasar Ingila a 1972, Clough ne baki, Taylor kuma shi ne mai bi a baya yana lallashin wanda aka ɓata wa rai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Forest ma ba ta fara tashi sosai ba sai da Taylor ya koma wurinsa a 1976.

Inda kwatancen ya juyo ya cije ni shi ne da na tambayi kaina yadda mai irin wannan baki zai ƙare a gida. Clough ya yi faɗa da shugaban Derby, Sam Longson, ya ajiye aiki a 1973, magoya baya suka fito zanga-zanga a kansa. An kore shi daga Leeds da kuɗin sallama masu kauri, kuma kafin wata huɗu ya cika ya samu aiki a Forest, inda aka sakar masa mara har shekara 18. A Najeriya, yawancin manyan ƙungiyoyi, har da Kano Pillars, na gwamnatocin jihohi ne, saboda haka kocin da ya ɗaga murya ba da ɗan kasuwa yake ja ba, da hukuma yake ja. Stephen Keshi, wanda shi ma ba ya rufe baki, ya ci kofin Afirka a 2013, ya sanar da ajiye aiki da zarar an gama gasar, aka lallashe shi ya janye, aka yi ta kai ruwa rana da shi har aka sallame shi a 2015. Shaibu Amodu ya samo wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun an cire shi kafin a tafi. Karar da nake taƙama da ita a falon maƙwabcina tana gyara zaman tare, amma ita ce kuma takan sa a yi shiru a kan albashin da ba a biya ba da katsalandan wajen zaɓen 'yan wasa.

Abin da har yanzu bai kwanta mini ba shi ne yi wa mamaci irin wannan fim. Clough ya rasu a 2004, shekara biyar kacal kafin fim ɗin, Revie a 1989, Taylor a 1990, Bremner a 1997, babu wanda zai tashi ya ce ba haka aka yi ba. Iyalin Clough sun nuna ɓacin ransu tun daga littafin, Giles da yake raye ya kai mawallafan ƙara har suka ba shi haƙuri, Dave Mackay, tsohon ɗan wasan Clough a Derby, shi ma ya samu ban haƙuri da diyya a kan yadda fim ɗin ya nuna shi. An kuma rufe labarin da Clough durƙushe a ƙofar gidan Taylor yana neman gafara, alhali a zahiri mutanen biyu sun sake ɓatawa a 1983 a kan cinikin ɗan wasan Forest John Robertson zuwa Derby, inda Taylor yake koci a lokacin, kuma har Taylor ya rasu ba su shirya ba. Da na faɗa wa dattijon haka, sai ya ce ai ya sani, shi ya sa ma yakan kashe talabijin ɗin tun kafin a kai wurin.