Kujerar dindindin da ba ta da iko

Marubucin wani labari da na karanta ya ce goyon bayan da Amurka ta bayyana a watan Satumban 2024, na a bai wa Afirka kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, babbar nasara ce. Gaskiya ni ban ga nasarar ba, domin ya tsallake sharaɗin da aka gindaya: babu ikon hawa kujerar na-ƙi. To me ya saura? Wakilinmu ya ɗaga hannu tare da sauran wakilai kaf, sai Rasha ko Amurka ta ɗaga nata ita kaɗai, ƙudurin ya mutu nan take. Tun 2005, a matsayar Ezulwini, Tarayyar Afirka ta nemi kujeru biyu masu cikakken iko, kuma ƙasashe 54 ne ke bayan wannan buƙata. Malam mai cewa "da babu gara ba daɗi", don Allah ka duba sashe na 108 na kundin majalisar: ba a yi wa kundin gyara sai ƙasashen nan biyar masu kujerun dindindin duk sun amince, kuma ba a faɗaɗa kwamitin sai an gyara kundin. Rabon da a faɗaɗa kwamitin tun 1965. Idan muka karɓi rabi yau, wa zai sake buɗe mana ƙofar?