Kujerar gaba a majami'unmu na Legas, ta wa ce?

'Yan'uwana cikin Almasihu, musamman mu da muke sujada da Hausa a nan Legas, akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a wurinmu, kuma ta daɗe tana damuna. Ranar godiya ko ranar gidauniyar gini, sai a ba wani lasifika ya riƙa kiran sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar. Mai kuɗi da yawa a yi masa tafi da guɗa, a raka shi kujerar gaba. In an gangaro kan masu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai a ce sauran su taso gaba ɗaya, lokaci ya ƙure.

Ku dubi waɗanda ke cika bencinanmu. Masu gadi ne a Lekki da Ikoyi, da 'yan dako a kasuwar Mile 12, da 'yan mata masu aikin gida da ba sa samun fita sai Lahadi, da iyalan sojoji da 'yan sanda daga bariki. Akwai samarin da suka rasa abin yi tun da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Akwai waɗanda suka baro Gwoza da Michika a 2014 da kayan jikinsu kawai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota zuwa coci ma ya zama abin lissafi ga wasu. Irin wannan mutumin ne muke tsayarwa a gaban jama'a mu auna shi da naira.

Ku buɗe Matiyu 20. Mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata, suka yi jinga a kan dinari ɗaya, ladan yini ke nan. Ya sake fita wajen ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku. Wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da wasu a tsaye, ya tambaye su dalilin zaman banza, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Ajah da safe ya ga leburori a bakin titi da shebur da diga suna jiran mota ta tsaya, ya san wannan amsar. Mutumin da ya kai yamma a tsaye yana jira ba malalaci ba ne, malalaci tun hantsi ya koma gida. Da aka zo biya, sai maigidan ya sa a fara da na ƙarshe, kowa dinari ɗaya. Na farko suka yi gunaguni, ya ce musu bai cuce su ba, ga abin da aka yi jinga a kai, ko suna jin haushi ne don shi mai alheri ne?

Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, dinarin nan abincin dare ne. Dokar Musa a Kubawar Shari'a 24 ta ce a biya matalaucin ma'aikaci kafin rana ta faɗi, domin a kan ladan ya sa ransa. Da an biya na ƙarshe gwargwadon awa ɗayan da ya yi, da yaransa sun kwana da yunwa. Maigidan ya dubi bukatarsa. Haka Allah yake bayarwa, shi da yake sa rana ta fito wa mugu da nagari, ya sauko da ruwa a gonar mai adalci da marar adalci. To, in haka Ubanmu yake rabo, daga ina muka samo wa'azin da ke cewa ka shuka dubu goma ka girbe miliyan, kamar Allah ɗan kasuwa ne a Alaba?

Na san abin da za a ce mini. Hayar wuri a Legas ba wasa ba ce, ga man janareta, ga albashin Baba Fasto, kuma kiran suna yana zaburar da mutane. Wani ma zai kawo Barnaba, wanda Ayyukan Manzanni 4 ya ambaci sunansa da gonar da ya sayar. Gaskiya ne. Amma ku juya shafi. Sura ta biyar ta fara da Hananiya da Safiratu, waɗanda suka so irin wannan yabo har suka yi ƙarya a kan kuɗin. Ba na zargin masu hali. Yusufu na Arimatiya mai arziki ne, shi ya ba da kabarinsa. Lidiya mai sayar da shunayya ce, ita ta buɗe gidanta ga Bulus. A cikinmu ma akwai attajiran da ke biya wa marayu kuɗin makaranta ba wanda ya sani. Tsarin ne nake kuka da shi, domin yana jefa mai kuɗi cikin jarabar fariya, yana aika talaka gida da kunya. Na san mata da ke ƙin zuwa ranar godiya don kada a kira ajinsu su rasa abin ɗagawa.

Yakubu 2 ya riga ya zana mu: mai zoben zinariya a ce masa ga wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Ya ce wannan son zuciya ne. Yesu da kansa ya zauna daura da ma'ajin Haikali yana kallon masu zuba baiko, kuma wadda ya nuna wa almajiransa ita ce gwauruwar da ta saka anini biyu. Ko sunanta ba a rubuta ba.

Tawali'u kuwa bai tsaya ga sunkuyar da kai da sassauta murya ba. Talaka ma yana iya girman kai, ya riƙa ganin talaucinsa ya sa ya fi mai kuɗi tsarki. Tambayar Bulus ga Korantiyawa ta shafe mu duka: me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Da mai kwangila da mai gadinsa, mota ce ta sauke yawancinmu a garin nan da jaka ɗaya. Ubangijin da muke bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu dattawa da Baba Fasto na kowace majami'a, cikin ladabi: a bana a raba ambulan da ba a rubuta suna a bayansa ba, ma'aji ya rubuta a littafinsa, ya ba mai bukata rasit, a sanar da jimilla kawai. Masu tarbar baƙi su zaunar da kowa yadda ya iso, sai tsofaffi da marasa lafiya da za a matso da su gaba. Iyayenmu mata na Zumunta, in an zo rabon abinci, ku fara daga bencin baya. In jimillar ta ragu a shekarar farko, mu rage girman ginin, mu ƙara shekara ɗaya muna ginawa.