Har yaushe za a riƙa sallamar masu juna biyu da gwajin fitsari kawai?

Akwai wani sakaci da ke faruwa a ɗakunan awon ciki da dama a birnin Kano wanda bai kamata a ci gaba da yi masa shiru ba, wato yadda ake barin mace ta doshi watan haihuwarta da ciwon sugan da ciki ke jawowa a jikinta ba tare da an taɓa yi mata gwajin da zai gano shi ba. Mace za ta yi sammako bayan sallar asuba, ta biya kuɗin adaidaita sahu, ta ajiye katinta a layi, ta zauna a kan benci har rana ta take, sannan a auna nauyinta, a duba hawan jini, a tsoma ɗan tsinke a fitsarinta, a rubuta mata ranar dawowa. Ita kuwa ta koma gida da zaton an duba ta tsaf.

Gwajin fitsari bai isa ba, kuma ma'aikatan lafiya sun fi kowa sanin haka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2013 na jini ne: mace ta kwana ba ta ci komai ba aƙalla awa 8, a ɗibi jininta, a ba ta ruwan da aka narkar da gulukos giram 75 ta shanye, sannan a sake ɗiba bayan awa 1 da bayan awa 2. Idan na farko ya kai 5.1, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5 a ma'aunin yawan suga a jini da ake kira mmol/L, ciwon ya tabbata. An fi yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, domin a lokacin ne sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suke ƙara hana insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yin aikinsa. Kuma ciwon ba ya yawan nuna alama, domin yawan fitsari da ƙishirwa da kasala abubuwa ne da kowace mai ciki take ɗauka laulayi ne.

Ƙanwata ba ta wasa da ranar awo, amma sai da hoton ciki ya nuna ɗan ya yi girma fiye da kima, ruwa kuma ya yi yawa, sannan aka tuna da jininta. Da sakamako ya fito, bayanin da aka yi mata bai wuce wannan ba: “Hajiya, ki daina shan zaƙi.” Ta daina zuba suga a shayi, amma ta ci gaba da shan koko kofi guda da safe, da tuwon shinkafa malmala biyu da dare, da gurasa da fura a tsakani, har da zuma da dabino, tunda maƙwabta sun ce su magani ne. Babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata cewa shinkafa da fulawa da gero duk suga suke komawa a cikin jini, ko ya nuna mata yadda za ta rage malmala, ta yawaita miyar zogale da alayyafo, ta ƙara wake da ƙwai da kifi, ta rarraba abincinta kaɗan-kaɗan, ta kuma ɗan taka bayan ta ci. Wallahi wannan bayani ba ya cin kwabo, haƙuri kawai yake buƙata. Rashinsa ne yake sa wasu matan su horar da kansu da yunwa, wasu kuma su faɗa hannun masu yawo da lasifika suna sayar da jiƙo a jarka.

Sai maganar kuɗi. Ana so mai wannan larura ta riƙa auna jininta da safe kafin ta karya da kuma bayan kowane abinci, alhali tsinken gwaji sau ɗaya ake amfani da shi a yar, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashinsa ya gagari talaka. Wadda aka ɗora a kan allurar insulin kuwa, an ce ta ajiye kwalbar da ba a buɗe ba a sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafinsa ke haura 40 a watan Afrilu, a unguwannin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba. Na ga ƙanwata tana ƙulle kwalbar a leda tana tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, kuma ba a asibiti aka koya mata hakan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an san ƙarshen wannan sakaci. Jariri yakan haura kilo 4, kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa, ko a yi tiyatar gaggawa, ko sugansa ya faɗi sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, ko shawara ta kama shi, uwar kuma tana cikin haɗarin hawan jini da jijjiga. ’Yan barka su shigo suna yaba ƙaton yaro, ba su san irin ramin da aka tsallake ba.

Ko bayan haihuwa ma ba a gama ba, domin ana buƙatar a sake gwada jinin maijego tsakanin mako 6 zuwa 12, tunda wadda ta taɓa yin ciwon tana cikin haɗarin kamuwa da na dindindin. Lokacin ya yi daidai da arba'in, bayan an shafe makonni ana ɗura mata kunun kanwa mai zaƙi, amma an sallami ƙanwata babu wanda ya rubuta mata wannan rana. Ina kira ga masu kula da asibitoci da su sanya gwajin jinin nan a cikin katin awo ga kowace mace, su ware ma'aikaciya ɗaya da za ta yi bayanin abinci da sunayen abincin da muke ci, su sauƙaƙa farashin tsinke da insulin, kuma kada a sallami maijego sai an rubuta mata ranar dawowa gwaji.