Shekara huɗu muna cin Jibin Ubangiji tare, ba ma gaisawa

Tun Lahadi maganar yadda muke zuwa coci amma halinmu bai canja ba ke cina, yau dai bari in amayar da ita. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, da kaina zan fara.

Mu a ƙasar Zuru ba mu da ƙarancin coci. Ka tashi daga Rikoto ka nufi Dabai, ko ka ɗauki hanyar Ribah ko ta Mahuta, za ka yi ta cin karo da UMCA da ECWA da Katolika da Baptist. Mun iya waƙa, mun iya taro, Zumuntar Mata kuwa in suka ɗaura anko suka ɗauki tulu da kacau-kacau sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Duk da haka mutum zai yi shekara talatin yana shiga sujada, halinsa na nan inda ya bar shi ranar da aka yi masa baftisma. Na sani, don ni ne mutumin.

A gidan Kirista aka haife ni, na tashi cikin ƙungiyar mawaƙa har na zama mai ba da waƙa. Da mahaifinmu ya rasu aka raba mana gona ni da yayana, sai wata bishiyar ɗorawa ta faɗo daidai kan iyaka. Wanda ya san kuɗin kalwa a kasuwa ya san ba ƙaramar magana ba ce. Shekarar farko matarsa ta riga matata kaɗewa. Na yi magana, ya mayar, aka je gaban mai unguwa, dattawan ikilisiya suka zaunar da mu har sau biyu. Daga nan gaisuwa ta mutu tsakaninmu, shekara huɗu cur. Benci ɗaya ne ke raba mu a coci. Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa da abin sha a coci don tunawa da mutuwar Yesu, tiren nan na ƙananan kofuna daga layinsa yake fitowa ya zo nawa, in ɗauka in sha in rufe ido kamar wani waliyyi.

Kuma kada ku ɗauka ban nemi canji ba. Babu taron farkaswa da ya wuce ni. Sau uku ina fita gaba in durƙusa, in yi kuka, a ɗora mini hannu. Kafin Laraba, in na hango Yaya a kan babur, zuciyar nan ta dawo sabuwa fil.

Ga inda nake ganin muka yi kuskure. Mun mai da Allah kamar sarkin da ba a gani sai ta hannun fadawa. Ciwo ya zo, "Baba Fasto, a sa ni a addu'a." Yaro zai rubuta jarrabawa, a kai wa Fasto biro. Wasu har sun koma sayen mai da hankici daga bakin duk wani baƙon mai wa'azi da ya kafa lasifika a fili. Neman addu'a ba laifi ba ne, ni ma ina nema. Amma Matiyu 27:51 ta ce labulen Haikali, wanda ya raba jama'a da Wuri Mafi Tsarki, ya tsage tun daga sama har ƙasa sa'ad da Yesu ya mutu, mu kuwa mun samo allura da zare muna ɗinke shi. Fasto zai iya yi maka addu'a, amma ba zai iya zama da Allah a madadinka ba, kamar yadda ba wanda zai ci maka tuwo kai ka ƙoshi.

Wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata ta fasa mini ƙurjin. Bayan sujada ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, muryarka da daɗi. Amma yaushe rabonka da yin magana da Allah babu makirufo a hannunka?" Na yi dariya na wuce. Da dare barci ya ƙi zuwa, don na lissafa na rasa ranar.

Sai na fara abin da Matiyu 6:6 ta faɗa, shiga ɗaki da rufe ƙofa. Ƙarfe biyar na asuba, fitilar waya, sura ɗaya daga Luka. Gaskiya makonnin farko ban ji komai ba sai gyangyaɗi da cizon sauro. Wata sura sai na maimaita ta kwana uku don ban san me na karanta ba. Addu'ata ma duk ƙara ce nake kai wa: Ubangiji ka ga abin da Yaya ya yi mini, ka nuna masa kuskurensa.

Ranar da na iso Luka 12:13 na ajiye littafin na yi shiru. Wani mutum ne daga cikin taro ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya juya ya gargaɗi jama'a a kan kwaɗayi. Na sha jin ayar nan daga bagade, har na taɓa gyaɗa kai ina tunanin Yaya ake yi wa wa'azi. A ɗakin nan babu wanda zan jefa wa ita. Ni kaɗai ne, kuma addu'ar da nake yi kullum ita ce ta mutumin nan, kalma da kalma.

Da na kai sura 19 sai ga Zakka, mai karɓar harajin nan da ya hau bishiya don ya ga Yesu. Abin da ya kama ni shi ne Yesu bai yi masa wa'azin kuɗi ba. Ce masa ya yi ya sauko daga bishiya, a gidansa zai sauka yau. Bayan Yesu ya shiga gidan ne Zakka da bakinsa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Mu muna so mu tsaya a kan bishiya muna kallonsa yana wucewa, muna tafi. Gida ne ba ma so ya shiga, don a nan mudun da aka bubbuge gindinsa yake, a nan littafin bashin da muka ƙi biya yake. Maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya ba sa jin waƙarmu ta Lahadi, mudun nan suke gani.

Na san wani zai ce ina rage darajar coci. Ko kusa. Har gobe ina ba da waƙa, ina fitar da zakka da baiko, kuma ba don coci ba ina zan haɗu da tsohuwar nan?

Wata Asabar na tafi gidan Yaya. Na same shi yana wasa fartanya a kan dutse. Duk jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito kawai, "Yaya, ina kwana." Ya ɗago ya dube ni, ya ce "Lafiya," ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Na tsaya kamar minti biyu na juya. Haka na yi ta zuwa wajen wata uku kafin ranar da ya turo yaro ya kawo mini kujera.

Zafin raina bai ƙare ba, matata shaida ce, ko shekaranjiya sai da na ba ta haƙuri. Maganar ɗorawa kuwa har yau ba wanda ya tayar a cikinmu. Na dai ce wa matata ta bar musu. Bana da aka kaɗe, matar Yaya ta aiko da daddawa cikin kwanon sha an rufe da faifai, ba ta haɗo da wani saƙo ba. Da ita aka yi mana miyar kuka daren nan.