Wanda ya harbe kowa a Metal Gear bai buga Metal Gear ba

Duk kun ga abin da yaron nan ya ɗora jiya da daddare, ba sai na maimaita muku ba. Hoton allon ƙarshe na Snake Eater, wasa na uku a jerin Metal Gear Solid, ga lissafin mutanen da ya kashe, ga lissafin sau nawa aka buga masa ƙararrawa, ko kunyar nunawa bai ji ba. Sannan ya rubuta a ƙasa wai ya gama, wai wasan tsofaffi ne, surutu ya yi yawa, gara masa GTA. Abin da ya fi ɓata min rai ma ba shi ba ne, manyan da suka bi shi da tafi ne, har da waɗanda muka yi zaman gidan gem tare da su a nan Garwa tun zamanin PlayStation ta farko. Kun san gaskiya kuka yi shiru.

To ni zan faɗa. Ƙanena, ba ka buga wasan nan ba. Ka ratsa ta cikinsa da gudu, AK a hannu, kana harbi kan mai uwa da wabi, kana danna maɓalli kana tsallake duk wani bayani, ka fito ta ɗaya ƙofar. Ka sayi kilishi ka wanke yajin, ka dawo kana ce mana ba shi da ɗanɗano.

Wasan sanɗa ne. Tun tushensa haka yake. A 1987 da Hideo Kojima ya yi na farko wa kamfanin Konami, a kan kwamfutar MSX2 ya fito, ita kuwa na'urar ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a allo lokaci guda. Maimakon ya yi wasan yaƙi gurgu, sai ya juya abin: ka shiga sansanin abokan gaba kai kaɗai, kada kowa ya gan ka. Duk abin da ya biyo baya, daga Metal Gear Solid na 1998 a kan PlayStation har zuwa Phantom Pain na 2015, a kan wannan harsashi aka gina shi. Shi ya sa ake ba ka kwali ka shige ciki. Shi ya sa kake ƙwanƙwasa bango don mai gadi ya bar wurinsa ya zo dubawa. Shi ya sa a Shadow Moses, sansanin da ke cikin na 1998, idan ka taka dusar ƙanƙara sojan yake ganin sawunka ya bi shi har inda ka laɓe. Wanda ya zauna ya tsara soja mai bin sawu, ai ba don ka buɗe masa wuta daga nesa ya tsara shi ba.

Kuma na san abin da za ku ce, an riga an fara faɗa min ta akwatin saƙo. Wai gem ɗinsa ne, kuɗinsa ne, ya buga yadda ya ga dama. Ya buga mana, wa ya riƙe masa hannu? Amma da ya buga ai bai tsaya nan ba, ya hau sama ya yanke wa wasan hukunci a gaban jama'a. Wannan hukuncin nake ƙi. Ba ka da bakin cewa abu ba daɗi alhali ba ka taɓa ainihinsa ba.

Bari in gaya maka abin da ka rasa, tunda Snake Eater ka zaɓa, na 2004, wanda labarinsa ke faruwa a 1964 cikin dajin Tarayyar Sobiyet. A kusurwar allo ta sama akwai wata lamba da ke nuna yadda ka saje da wurin da kake. Kana tsaye, lambar ta faɗi. Ka canja kaki ya dace da ganye, ka shafa fenti a fuska, ka kwanta ruf da ciki a cikin ciyawa, sai ka ga ta haura 80, wani lokaci har 90. Sai ka ji takun soja yana matsowa. Kana kallon takalminsa ta tsakanin ciyawa, ya tsaya, ya waiga, ya yi magana a rediyonsa. Kai kuma a ɗaki, zafin Garwa na watan Afrilu, gumi na bin bayanka, amma ka kasa ko gyara zama don kada yatsanka ya motsa sandar manet, wato abin da ake riƙewa a buga gem. Cikin Snake, jarumin da kake sarrafawa, ya yi ƙugin yunwa, gabanka ya faɗi, domin shi ma sojan yana iya jin wannan ƙugin. Sai ya juya ya tafi. Numfashin da kake saukewa a lokacin nan, shi ne wasan. Duk kuɗin da ka biya, shi ka saya. Kai kuwa ka harbe shi tun daga nesa, ka ce ba ka ji komai ba. Ina za ka ji?

Ka san kana iya fasa rumbun abincinsu da nakiya, yunwa ta kama masu gadin yankin, ka jefa musu ruɓaɓɓen abinci su ci cikinsu ya murɗa? Ka san kana iya lallaɓawa ta bayan soja ka ɗora masa bindiga ya ɗaga hannu, ka karɓe kayansa, ka sa shi barci ka wuce? Akwai bindigar sa barci a hannunka tun farkon wasa. Tun farko! Ba ado aka ba ka ita ba.

Sai The End, tsohon maharbin nan da ya haura shekara 100. An gaya min wai yaron ya ce nan ne ya fi gundurarsa, har ya nemi dabara a intanet, ya tura agogon na'urar gaba da mako guda, ya dawo ya tarar tsohon ya mutu da kansa. E, dabarar tana nan, su suka saka ta. Amma ka san me ka jefar? Daji mai faɗin fili uku, ba kiɗa, ba hayaniya, kai da shi kaɗai. Kana ɗaga na'urar sauraro kana neman numfashinsa, kana leƙen walƙiyar gilashin bindigarsa idan rana ta haska shi, kana bin sawunsa bayan ya canja maɓoya. Shi ma ba kashe ka yake yi ba, allurar barci yake harba maka. Idan ka yi haƙuri ka zagayo ta bayansa ka ɗora masa bindiga, kakinsa ma kake samu. Ni a duk wasannin da na taɓa riƙe wa manet ban ga karon da ya kai wannan ba, kuma ba na tsammanin zan gani. Mutum ya tsallake wannan da agogo, sannan ya zo yana ba mu ra'ayi.

Wasu kuma sun ce ai da ba a so a yi harbi da ba a zuba bindigogi a ciki ba. Wannan maganar wanda bai lura da kogin The Sorrow ba ce. Kusa da ƙarshe, wasan yana sa ka tafiya a cikin wani kogi, ruwan sama na zuba, ba ka iya harbin kowa, ba ka iya gudu. Duk mutumin da ka kashe tun daga farko sai ya taso yana tunkaro ka, ɗaya bayan ɗaya, a yadda ka kashe shi. Wanda ka yanka yana zuwa wuyansa a karkace. Wanda ka ƙona yana zuwa yana ci da wuta. Wanda bai kashe sojoji ba, tafiyarsa gajeriya ce. Wanda ya yi ɓarin jini sai ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, suna kuka suna miƙo masa hannu. An ba ka bindiga ne don ka zaɓa, kuma wasan yana ƙirga abin da ka zaɓa, ya ajiye maka. Ina so in san tsawon tafiyar yaron nan a cikin kogin, kuma ina so in san ko ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa ta yi masa tsawo haka.

Nan ne abin ya daina zama maganar gem a wurina. Mu nan arewacin Kamaru ba a fim muka san bindiga ba. Duk wanda yake da dangi ta wajen Mora ko Kolofata, ko ya taɓa zama da wanda ya fito daga sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, ya san abin da ake nufi idan an ce an shigo gari da dare. Yaranmu kuwa tun suna ƙanana abin da ake ɗora musu a allo shi ne harbi, harbi, wanda ya fi kisa shi ne gwani. Sai ga jerin wasa guda da ya ɗauki kusan shekara 30 yana faɗin akasin haka, yana girmama wanda ya shiga ya fita bai zubar da jini ba. A Phantom Pain, da labari ya kai iyakar Angola da Zayar a 1984, za ka haɗu da yara riƙe da bindigogi. Ka harbe ɗaya, aikin ya rushe nan take, sai ka sake daga baya. Dole ka nemi hanyar kwance musu makami ka fitar da su da ransu. Ranar da na fara kaiwa wurin na daɗe ban ce komai ba, don fuskokin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Shi ya sa nake jin zafi idan aka ɗauki wannan wasan aka mayar da shi filin yanka, sannan aka kira shi shirme.

Batun surutu kuma. E, akwai magana. Na huɗu, wanda ya fito a PS3 a 2008, bidiyon ƙarshensa kaɗai ya haura awa guda. To sai me? Mutanen da ke kwana suna kallon fim ɗin Indiya na awa uku, ko su zauna tun la'asar suna jiran wasan Coton Sport, su ne yau ba su da haƙurin sauraron minti goma? Wai Turanci ne, wai Faransanci ne a rubuce, ba a ganewa. Ai lambobin sirrin GTA ma ba da Hausa aka rubuta su ba, kuma kun haddace su tsaf. A cikin surutun nan da kake tsallakewa ne na biyu, Sons of Liberty, ya yi bayanin zamanin da kowa zai riƙa zuba tarkacen magana a intanet har gaskiya ta nutse a ciki, kowa ya maƙale a cikin 'yan tsirarun da ke gaya masa abin da yake son ji. A 2001 ke nan, Facebook ma bai zo duniya ba sai 2004. A cikin surutun Snake Eater ne kuma za ka gane ko wace ce The Boss, malamar Snake. In ba ka saurara ba, ranar da ka tsaya a kanta a filin fararen furanni, wasan ya tsaya yana jiran kai da yatsanka ka danna harbin, ba za ka ji komai ba, wata mata ce kawai ka kayar. Wanda ya saurara kuwa ya san nauyin wannan maɓallin.

Kuma don Allah masu ba sababbi shawara su fara da na uku saboda wai shi ne farko a tarihin labarin, ku daina. A bi su yadda suka fito. Ka fara da na 1998, ka sha wahalar Psycho Mantis, abokin gaban nan mai karanta tunani, har ka gane sai ka zare manet ka mayar da ita rami na biyu kafin ya daina karanta motsinka. Mu da faifanmu ya zo ba kwali, lambar rediyon Meryl, sojar da ke taimakon Snake, da aka buga a bayan kwalin, 140.15, sai da muka bi unguwa-unguwa muna tambaya kafin wani ya faɗa mana. Yanzu an tattara na farkon a Master Collection tun 2023, an kuma sake gina Snake Eater a 2025, ba wanda yake da uzurin rashin samu. Haƙurin ne babu.

Masu gidajen gem ma suna da nasu kason. Idan tsarinka sefa 100 ne a buga ƙwallo ɗaya a tashi, ga layi a baya ana ƙorafi, wane yaro ne zai kwanta cikin ciyawa yana jiran soja ya juya baya? Da za a ware na'ura ɗaya da katin memori, a ce wannan ta masu dogon wasa ce, a biya da awa, da an ga bambanci.

Af, tunda na ambaci manet. Jama'a, waɗannan na jabun da suka cika kasuwa suna lalata wasan nan ba ku sani ba. Manet ɗin PS2 ta asali tana jin nauyin yatsa. A Snake Eater idan ka kama soja ka riƙe maɓallin da'ira a hankali, riƙe shi kawai kake yi, kana iya tambayarsa ko ka ja shi gefe. Idan ka danna da ƙarfi, wuƙa ce. Haka maɓallin harbi, ka sassauta yatsa a hankali sai Snake ya sauke bindiga bai harba ba. Ta jabu yawanci ba ta san wannan ba, kowane taɓi a wurinta da ƙarfi ne, sai ka ga ka yanka mutumin da ka yi niyyar tambaya. Tawa ta asali sandar hagu ta fara ja gefe da kanta, mai gyara ya buɗe ya ce sai dai a samu wata a cire kayan ciki. Duk wanda ya san inda ake samun ta asali, ko ta hannu ce, a Garwa ko Marwa, ko ma Kusiri in akwai mai zuwa, ya yi min magana. Baƙa nake so, kuma zan gwada ta da kaina kafin in biya.