Ƙwarewa a gina manhaja tana cikin kod ɗin da wasu suka rubuta

Matasa da yawa sun iya rubuta kod. A ba su mako ɗaya, za su haɗa manhajar lissafin kaya ta yi aiki sumul. Amma a ajiye musu wadda ta shekara 15 ana amfani da ita, mai dubban ɗaruruwan layuka, a ce su gyara tangarɗa ɗaya ba tare da sun karya wani abu ba, nan ake jin kansu. A ganina kwas ba ya tsallakar da mutum wannan gejin, haka ma aikin da ka fara kai kaɗai, domin kai ka rubuta, kai ka duba, kai ne mai amfani da shi. Wanda bai samu shiga babban kamfani ba, hanya mafi kusa gare shi ita ce buɗaɗɗun manhajoji, inda kod da tarihinsa da gardamar masu gina shi duk suke a fili.

Ka zaɓi guda ɗaya, wadda kake amfani da ita da gaske. Kafin ka zuba lokacinka, duba yaushe aka karɓi gyara na ƙarshe, kwana nawa facin baƙo (faci shi ne gyaran kod da aka aika don a karɓa) ke yi kafin a tanka masa, da kuma mutum nawa ne ke da ikon karɓa. Idan mutum ɗaya ne kuma ya wata shida bai leƙo ba, wuce. Ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, mai bayanin yadda ake aika gyara, don kowane gida da tsarinsa. Linux ta imel take karɓar faci, da layin sa hannu, wato Signed-off-by, a ƙasa, kuma akwai get_maintainer.pl da ke faɗa maka wanda za ka aika wa. SQLite kuwa, manhajar adana bayanai, kowa na iya karanta kod ɗinta, amma ba kasafai take karɓar gyaran mutanen waje ba.

Makon farko kada ka rubuta komai. Sauke kod ɗin, harhaɗa shi a kwamfutarka, ka kunna gwaje-gwajensa gaba ɗaya. Da wuya ya tafi lami lafiya. Ko dai sigar wani ɗakin kod da ya dogara da shi ta bambanta da taka, ko ka tarar da gwajin da ke wucewa yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa komai ba. Irin wannan galibi agogon yanki ne, ko gwaji biyu na rububin fayil ɗaya, ko ayyuka biyu da ke gudana tare suna rige-rige.

Daga nan ka ɗauki rahoton tangarɗa guda, ka sa ta faru a gabanka. Ka yi ta rage misalin har ya koma layi 10 ko 20 da ke nuna matsalar kowane lokaci. Idan a da abin yana aiki sannan ya lalace, git bisect, wani umarni na git mai adana tarihin sauye-sauyen kod, shi ne makaminka: ka nuna masa sigar da take lafiya da wadda ta lalace, shi kuma ya riƙa raba tarihin biyu yana ba ka ka gwada. Sauye-sauye 1,000 a taki kamar 10 ake gano mai laifi a cikinsu. In ka rubuta ɗan umarnin da ke gane lafiya da lalacewa, git bisect run zai yi zagayen da kansa. In kuma ka ci karo da layin da ka ga kamar shirme ne, kada ka yi saurin goge shi. Bi shi da git blame ko git log -S, ka karanta bayanin wanda ya sa shi. Sau da yawa za ka tarar an sa shi ne don wata tsohuwar na'ura ko wani yanayi da bai taɓa zo maka a rai ba.

Gyaran kansa shi ne mafi sauƙi. Fara rubuta gwajin da ke faɗuwa saboda tangarɗar, sannan ka gyara har ya wuce. Faci ɗaya, manufa ɗaya. Wanda ya gyara layi 3 ya haɗa da sake jera layi 400 don su yi kyau, ya binne gyaransa ne, ba mai duba masa. A bayanin sauyin, layin farko kada ya wuce haruffa kamar 50, sauran kuma ka faɗi dalili, tunda abin da ka canza kod ɗin ya riga ya nuna.

Bita ita ce makarantar. Za a dawo maka da facinka a ce me zai faru idan bayanin da ya shigo fanko ne, ko ya ninka girman da ka zata sau dubu, ko aka kira aikin daga wuri biyu lokaci guda. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Heartbleed, ɓarakar tsaron da aka bankaɗo a OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin sadarwa a intanet, a Afrilun 2014, rashin duba tsawon saƙo ne kawai: mai kai hari ya ce saƙonsa ya kai kaza, manhajar ta yarda, ta ɗebo masa har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar sabar. An yi wa facin da ya kawo ta bita kuma ya wuce, ya shekara biyu a waje. Shi ya sa nake ganin karanta bitar da aka yi wa facin wasu ya fi rubuta naka goma amfani. Bayan wata biyu ko uku, kai ma fara duba na wasu: sauke shi, gwada, ka faɗi abin da ka gani.

Akwai kuma darasin da ba ka samunsa a aikin kanka, wato nauyin masu amfani. Python 3, sabuwar sigar harshen kod na Python, ta fito a 2008 da sauye-sauyen da suka karya tsohon kod, ba a iya rufe babin Python 2 ba sai 1 ga Janairu, 2020. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya shahara da tsauri a kan kada gyaran Linux ya karya manhajojin da jama'a ke gudanarwa a kansa. Don haka idan aka ƙi sauya sunan wani aiki duk da sunan bai dace ba, ba taurin kai ba ne. A can za ka koyi yadda ake janye abu a hankali: a kawo sabo, a sa gargaɗi a tsohon, a jira siga ɗaya ko biyu, sannan a cire.

Masu neman cika shafinsu na GitHub, dandalin ajiye kod, da alamun kore masu nuna yawan aikinsu, wannan hanyar ba tasu ba ce. A Hacktoberfest na 2020, bikin shekara-shekara na aika gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, an cika masu kula da manhajoji da facin banza don neman riga kyauta, yanzu kuma ga gyaran da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wanda mai aikowa ba zai iya bayaninsa ba. Ga kuma abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil, a Maris 2024, inda wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman yarda kafin ya dasa ƙofar ɓoye, sai da wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Bayan wannan, mai kula da manhaja da ya yi taka-tsantsan da baƙo yana da hujja.

Idan kana aiki a kamfani, duba yarjejeniyarka kafin ka aika komai, don wasu kamfanonin suna da haƙƙi a kan kod ɗin ma'aikatansu. Idan kuma ka aika faci aka yi shiru, jira mako ɗaya zuwa biyu, ka yi git rebase, wato ka ɗora facinka a kan sabon kod, ka tabbatar gwaje-gwaje sun wuce, sannan ka tuna musu sau ɗaya a wurin da ka aika shi, ba ta saƙon sirri ba.